Gidan Baba: Wata 19 a Hannun Dillalai

Ni ne ɗan fari a gidanmu, kuma ni aka ɗora wa sayar da gidan da aka binne cibiyata a cikinsa. Gidan yana cikin garin Sakkwato, ta wajen Ƙofar Marke, a ƙuryar wani lungu da mota ba ta shiga. Mun sa shi a kasuwa a watan Oktoba na 2022, ba mu ga kuɗinsa ba sai Mayun 2024. Na daɗe ina son in ba da wannan labari, domin na san akwai magada da yawa a garin nan da ke zaune da gida a hannu, masu saye suna zuwa suna komawa, su kuwa sun kasa gane abin da ke korar mutane. Ni ma haka na zauna, kuma a tsakiyar zaman na aikata abin da har yau nake neman gafarar Allah a kansa.

Baba, Allah ya jiƙansa, fataucin fata ya yi duk rayuwarsa. Yakan bi kasuwannin Achida da Illela da Bodinga ya sayo fatun jar akuya, irin wadda sunan Sakkwato ya fita da ita a duniya, ya zuba musu gishiri, ya jibge su a ɗaki, idan sun taru a yi lodi zuwa majemun Kano. Da wannan sana'a ya sayi filin, da ita ya yi ginin, ɗaki bayan ɗaki, gwargwadon yadda iyali ke ƙaruwa. Ba magini mai zane ya tsara gidan ba. In an yi haihuwa ko an yi amarya, sai Baba ya duba inda sarari ya rage ya sa a ja bango. Ya rasu a hunturun ƙarshen 2021, ya bar Inna da mu 'ya'ya 9, maza 4 mata 5. Da Inna ta fita takaba aka zauna rabon gado. Malamin da ya yi mana lissafi ya fitar mata da tumuninta, sauran aka kasa 13, namiji kaso biyu, mace kaso ɗaya. Gida ɗaya ba ya yankuwa gida 13. Biyu daga cikin ƙannena mata suna cikin matsi a gidajen aurensu, autanmu kuma yana neman jari. Muka yi ittifaƙi a sayar, Inna ta koma wajena a Arkilla.

A raina na ɗauka wata biyu ya isa. Gida ne babba: zaure, shigifa, turakar Baba, ɗakuna 7, tsakar gida mai faɗi, rijiya da ba ta taɓa ƙafewa ba. Ga Hubbare da masallacin Shehu, mutum ya taka da ƙafa ya je ya dawo. Da dillalin ya zo ya zagaya, dattijo ne da ya daɗe a harkar, sai ya tsaya a bakin zaure ya ce mini, “Malam, gidan ga shina da kyau, amma kai ɗan gida kake. Abin da baƙo ka gani ba shi kake gani ba.” Ban ji daɗin maganar ba. Na ɗauka hanya yake share wa masu taya mana da arha.

Mutum na farko ko zaure bai shiga ba. Ya ajiye motarsa a bakin titi, muka taka lungun, yana tafe yana auna faɗinsa da ido. Da muka kai inda lungun ya yi gwiwa, wurin da masu babur biyu ba sa wuce juna sai ɗaya ya tsaya, ya juya ya ce da dillali, “In matata ta tashi haihuwa da dare fa?” Ban da amsa. A wannan lungun aka ɗauko Baba a kan makara, a cikinsa aka kai Inna asibiti a bayan babur sau ban san iyaka ba, kuma ban taɓa ganin abin a matsayin aibi ba. Sai daga baya na lura cewa duk wanda yake da kuɗin sayen gida irin namu a yau, yana da mota ko yana shirin saye, kuma idonsa yana can Bado ko Gawon Nama ko Guiwa, inda zai buɗe ƙofa ya shige da ita har cikin gida. Wannan aibi ba shi da magani a hannunmu. Ba za mu rushe gidajen maƙwabta mu faɗaɗa hanya ba. Abin da ya rage shi ne ragi a kan kuɗi, ni kuwa a lokacin ban shirya jin haka ba.

Waɗanda suka daure suka shigo, ɗakin fata ne ke fara tarbarsu. Yana nan hannun dama da an wuce shigifa. Shekara 3 kafin rasuwar Baba aka daina ajiye fata a ciki, mun wanke, mun share, mun yi turare. Mu da muka tashi a gidan ba ma jin komai. Amma baƙo da ya sa kai sai ka ga ya ɗan ja da baya. Wata Hajiya da ta zo duba wa ɗanta ta rufe hanci da gyale ta ce, “Mushe anka taɓa ajewa nan?” Maganar ta soke ni, domin wannan warin shi ya biya mini kuɗin makaranta har na zama malami. Amma gaskiya ta faɗa, wari yana nan. Kuma ba wari kaɗai ba. Gishirin shekaru ya ratsa daɓen ya shiga bango. Gishiri kuwa janyo laima yake yi: da damina bangon ya jiƙe, da rani ya bushe, gishirin ya fito fari-fari yana tura yaɓen waje har ya ɓarɓashe. Duk fentin da aka shafa, kafin shekara ya kumbura ya zube. Mai saye da ya ga haka ba ya tunanin fata, tunaninsa harsashin gini ya ruɓe.

Ɗakunan ƙasa guda uku na ɓangaren Inna su ma sun zama abin ragi. Bangonsu kauri gare shi, rufin azara ne da ƙasa, irin na da. A watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40 kuma ba wuta, a nan duk gidan ke taruwa da rana, domin ɗakunan bulo masu rufin kwano ba sa shiguwa. Azarar giginya ce, gara ba ta cinta, tana nan garau. Amma masu saye ba su zo neman sanyi ba. Da sun ga ginin ƙasa sai su fara lissafin kuɗin rushewa da na kwashe ƙasa, a lungun da tifa ba ta shiga, sai dai amalanke da baro. Wani ya ce mini kai tsaye fili zai saya, ginin kuwa nauyi ne muka bar masa. Har gobe ina ganin kuskure ne a raina waɗannan ɗakuna, amma ba ra'ayina ake saye ba.

Sai tsamiya. Tana tsakiyar gidan, ta girmi ginin, Baba ya tarar da ita ya ƙi sarewa. A ƙarƙashinta Inna ke yin daka, a nan muka yi karatun allo, da 'ya'yanta ake yi mana kunun azumi kowace shekara. Ban taɓa zaton za ta hana ciniki ba, sai da dillali ya gaya mini cewa mata biyu sun hana mazajensu dawowa saboda ita. Kowa ya san abin da ake faɗa a kan tsamiya da mutanen ɓoye. Ba wanda ya faɗa a gabana, amma na ga yadda wata ta ja yaronta ta zagaye inuwar tana motsa baki. Ƙanena ya ce a sare kawai. Da maganar ta kai kunnen Inna ta ce, “Shekara hamsin ina kwana ƙarƙashinta, ban ga komi ba sai alheri. Ku bari in fita tukuna, in kun ga dama ku sare.” Muka bar ta. Ban yi nadama ba.

Akwai ƙananan abubuwa da na raina, suka kuwa kori mutane. Wani matashi ustazu ya shiga makewayi ya fito da waya yana duba alƙibla, ya ce mazaunin gabas yake kallo. Na je na tambayi malaminmu, ya ce a mazhabar Malikiyya akwai sauƙi idan cikin gini ne, hanin ya fi ƙarfi a fili. Na kai wa matashin wannan amsa, ya ce ya ji, amma zuciyarsa ba za ta natsu ba. Gyaran bai wuce aikin yini ɗaya ba, magini ya fasa ya juya mazaunin ya kalli kudu. Na tsaya jayayyar fiƙihu na rasa mai saye a kan abin da buhun siminti ɗaya zai warware. Haka tagar benen maƙwabcinmu na yamma, wadda ke leƙen tsakar gida daidai inda mata ke girki. Mun saba, mun san mutanen kirki ne, ba sa buɗewa. Baƙo bai san haka ba. Shi dai ya ɗaga kai ya ga taga a kan iyalinsa.

Duk waɗannan a fili suke, mai ido zai gani. Akwai guda ɗaya da ba a gani sai da damina, kuma a nan na faɗi.

Lokacin da Baba ya yi gini, gidanmu da lungu a daidai suke. Shekaru suna tafiya, maƙwabta suna rushe ginin ƙasa suna yin na bulo, kowa ya cika filinsa ya ɗaga harsashi. Ƙasar da aka rushe a lungu ake baza ta. A hankali lungun ya yi tudu, gidanmu ya zama kwari. Da can akwai wata kwata da ke fitar da ruwanmu ta ƙarƙashin katangar maƙwabcinmu na arewa, yarjejeniya ce ta baki tsakanin Baba da mahaifinsu. Da magadansa suka sabunta gini aka toshe ta, ba da mugunta ba, ba su ma san da maganar ba. Tun daga nan, duk ruwan Agusta mai ƙarfi, ta zaure yake shigo mana. Yakan kai ƙwauri. Mukan tashi tsakar dare da bokiti da tsintsiya, a ɗora kaya a kan gado, a yi ta kwarfa har asuba. Ba irin ambaliyar 2010 ba ce da ta cinye gadar hanyar jami'a, ba kuma irin abin da mutanen Mabera suka sha ba, amma ya isa ya bar zane a jikin bango, layi mai duhu da ya zagaye zaure da shigifa.

Farkon 2023 aka shiga wahalar canjin kuɗi. Takardun naira suka ɓace, mutane suna kwana a layin banki, ciniki ya tsaya cak, har na tumatir balle na gida. Wata uku ba wanda ya leƙo. Ƙannena suna kira, kowa da buƙatarsa, wata ɗanta ba lafiya, wani ana binsa bashi. Ana cikin haka wani dillali matashi, ba dattijon nan ba, ya ba ni shawara. Ya ce rani ne, ba wanda zai san da ruwa. A yi fenti a rufe zanen, a sallama kafin Yuni. Na san haramun ne. Ni da nake koya wa yara hadisin da ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Amma na gaya wa kaina cewa ai fenti gyara ne, kowa yana yi, kuma in ba a tambaye ni ba ban yi ƙarya ba. Na sayo fenti na sa aka shafe zaure da shigifa.

A watan Mayu mai saye ya samu. Ma'aikaci ne da ya kusa ritaya, mutum mai natsuwa, ba shi da mota, lungu bai dame shi ba. Ya taya, muka ce albarka, ya ƙara, muka sallama. Ya ba da kafin alƙalami a gaban shaidu, aka sa mako uku ya cika. Bai tambaye ni zancen shigar ruwa ba, ni ma ban ce komai ba. Ana saura kwana goma ya turo matarsa ta ga ɗakuna. Inna tana gidan tana haɗa kayanta. Suka zauna a gindin tsamiya suna hira irin ta mata, matar ta tambayi inda ya fi dacewa ta sa gadonta. Inna ta ce mata kada ta sa a ɗakin kusa da shigifa, domin nan ruwa ke fara shiga, ta kuma ɗora buhunan hatsi a kan bulo tun kafin Agusta. Ta nuna mata da hannu iyakar inda ruwan ke kaiwa, a jikin bangon da na shafe.

Washegari mutumin ya zo makarantar da nake koyarwa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Malam, da ka hwaɗa min da na saya, in rage abin gyara. Yanzu ban san mi kuma anka shahe da henti ba.” Ya nemi kuɗinsa, na mayar masa a ranar. Da na koma gida raina a ɓace, na shiga wajen Inna na ce ta rusa mana ciniki, ga 'ya'yanta suna cikin wahala. Inna ba ta kiran sunana, kunyar ɗan fari. Ta dube ni ta ce, “Kai, ubanka ya yi shekara arba'in yana saida hwata. In ƙwaro ya huda guda, shi ka juya ta ya gwada ma mai saye hujin da hannunai. Da kuɗɗin nan anka gina ɗakin ga. Ba a saida shi da ƙarya ina raye.” Na fita ban ce uffan ba. A zaure na zauna har aka kira isha'i, ina kallon fentin.

Ramin ƙarya ƙurarre ne, na kuwa ga ƙarshensa da sauri. Dillalan Sakkwato duk sun san juna, a majalisa ɗaya suke shan shayi. Kafin mako biyu labari ya zagaya cewa gidan yana da ɓoyayyen aibi, an mayar da kafin alƙalami. Ba wanda ya tsaya a kan ruwa. Wani ya ce bango ya tsage, wani ya ce rikicin gado ne, wani ya haɗa da tsamiya. A daidai lokacin aka cire tallafin fetur a ƙarshen Mayun 2023, kaya suka yi tashin gwauron zabo, kowa ya riƙe abin hannunsa. Daga Yuni har Nuwamba mutum biyu kacal suka zo, tayin da suka yi kuwa bai kai rabin na mutumin da na yaudara ba. Damina ta zo, ruwa ya shiga kamar kullum, fentin ya kumbura ya zube, zanen ya fito fiye da da.

A watannin nan ne wata matsalar ta bayyana, ta takarda. Wani ma'aikacin da ke son saye da rancen gida ya tambayi satifiket, wato takardar shaidar mallaka da gwamna ke sa wa hannu. Abin da ke hannunmu takardar ciniki ce da aka rubuta da ajami, da sunayen shaidu da hatimin hakimi, tun kafin dokar filaye ta 1978 da ta mayar da ƙasa amana a hannun gwamnoni. A cikin gari wannan takarda tana da daraja, kowa a shiyarmu ya san gidan wane ne. Amma masu ba da rance ba sa karɓarta. Ga shi kuma shaidun duk sun rasu, mu magada goma ne, ɗaya yana Legas, ɗaya tana aure a Ƙonni. Mai saye yana tsoron ya biya, gobe wani ya fito ya ce bai yarda ba. Wannan tsoro kuwa yana da tushe, mun sha ganin haka a garin nan.

Bayan damina na koma wajen dattijon dillalin nan, na ba shi haƙuri. Na ce ya zagaya da ni gidan kamar ni baƙo ne, ya faɗa mini komai, ba zan yi musu ba. Muka fara daga bakin titi. Ya raba mini abubuwan gida biyu: wanda kuɗi kaɗan zai gyara, da wanda sai dai a faɗa a yi ragi. Ya ce kada in kashe ko kwabo a kan ado, ba tayil, ba sabon fenti, domin mai saye ba zai biya ni ba, kuma bayan abin da ya faru duk sabon fenti tuhuma zai jawo.

Na tara ƙannena na faɗa musu abin da na aikata, domin har lokacin wasu Inna suke zargi. Muka yi karo-karo. Abu na farko, na je wajen mai unguwa, ya kira magadan maƙwabcinmu na arewa. Wani tsoho da ya san zancen kwatar ya ba da shaida. Ba su yi gardama ba, suka yarda a sa bututu ta gefen katangarsu ya fita zuwa babbar kwata, wannan karon kuma aka rubuta, kowa ya sa hannu, mai unguwa ya buga hatimi. Muka ɗaga dokin ƙofar zaure da bulo biyu, aka yi matakala. Ɗakin fata aka fasa daɓensa, aka kwashe ƙasar da gishiri ya ci har zurfin kamu biyu, aka kankare yaɓen bango, aka bar shi a buɗe duk hunturu iska tana ratsa shi, sannan aka zuba sabuwar ƙasa aka yi daɓe. Siminti ya yi tsada ƙwarai a farkon 2024, duk da ga kamfaninsa nan Kalambaina kusa da mu, don haka iyakar abin da ya zama dole muka yi. Makewayi aka juya. Maƙwabcin mai bene, da na yi masa magana cikin mutunci, da kansa ya sa aka toshe rabin tagar ta ƙasa, ya ce da mun faɗa tun tuni. Sannan muka je kotun shari'a aka rubuta rabon gadon da yardar kowane magaji, na nesa suka aiko da wakilci a rubuce.

Zanen ruwan kuwa na bar shi a jikin bangon shigifa yadda yake. Duk wanda ya zo, nan nake fara kai shi. In nuna masa iyakar ruwan, in nuna masa bututu da takardar mai unguwa, in ce ba a gwada gyaran da damina ba tukuna, don haka ban yi masa alkawarin komai ba. In faɗa masa tarihin ɗakin fata, in faɗa masa mota ba ta shigowa kuma ba za ta taɓa shigowa ba. Mutum huɗu suka ji haka suka tafi. Ba zan ɓoye ba, duk wanda ya juya sai in ji kamar an zare mini laka, musamman ranar da ƙanwata ta kira tana kuka a kan kuɗin magani. Na sayar da babur ɗina na tura mata.

Wanda ya saya a ƙarshe ɗan shiyarmu ne, ya tashi a lungu na uku daga namu, yana da shagon yadi a babbar kasuwa. Ya yi gida a bayan gari, amma mahaifiyarsa ta ƙi zama a can, ta ce ba ta jin kiran sallar masallacin Shehu, ba ta ganin kowa nata. Gida yake nema mata a cikin gari. Ya zo da ita. Tsohuwar ta shiga ɗakin ƙasa na Inna da tsakar ranar Afrilu, ta zauna a bakin gado, ta ce a bar ta nan. Ta ga tsamiya ta tambaya ko tana 'ya'ya da yawa. Shi kuwa ya tsaya a shigifa ya daɗe yana duban zanen, ya ce ya ji labarin fentin tun bara, abin da ya hana shi zuwa ke nan, sai da dillali ya gaya masa yanzu mai gidan da kansa yake nuna aibin. Ya karanta takardar bututu, ya karanta ta kotu. Ya taya ƙasa da abin da muka sallama wa na farko da kusan kashi ɗaya cikin biyar, a lokacin da naira ta riga ta zube. Na kira ƙannena ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce a sallama. Muka ƙara sharaɗi a takardar ciniki, ni na nema: idan ruwa ya shiga a daminar farko, gyaran a wuyana yake.

Kafin a raba kuɗin na nemi ma'aikacin nan da na ɓoye wa ruwa. Na same shi ya yi ritaya, ya sayi wani gida a Runjin Sambo. Na roƙe shi gafara a ƙofar gidansa. Ya ce ya yafe tun ranar, ya sa aka kawo mini ruwa, ya tambayi lafiyar Inna, ya ce in gaya mata matarsa har yanzu tana yi mata addu'a.

Ranar da za mu fita Inna ta sa yara suka kakkaɓo mata tsamiya cikin buhu, ta zagaya ɗakunan ita kaɗai, ba ta yarda kowa ya bi ta ba. A ɗakin fata ta fi daɗewa. Da ta fito ta miƙa wa tsohuwar makullin ɗakinta hannu da hannu, ta gaya mata wace kusurwa ce indararo ke zuba, da lokacin da ya kamata a yi wa rufin yaɓe kafin ruwan fari.

A watan Agustan 2024, wani dare wajen ƙarfe 2, aka kece da ruwa mai ƙarfi. Na farka a Arkilla na samu kaina tsaye ina laluben bokiti. Na fito falo na tarar da Inna zaune da carbi, ita ma ba ta yi barci ba. Ta ce, “Kira shi.” Na ce dare ya yi. Ta ce, “Kira shi dai.” Na kira mutumin da ya sayi gidan, bugu ɗaya ya ɗauka, ina jin ƙarar ruwa a kan kwano ta cikin wayar. Ya ce yana tsaye a zaure da tocila, ruwan lungu ya zo har matakala ta farko ya wuce, na tsakar gida kuma yana bin bututu, Hajiya tana ɗaki tana barci. Na maimaita wa Inna. Ta ce in gaya masa ya duba bakin bututun da safe, ganyen tsamiya yakan taru a wurin.